Wa Ke Da Ƙwallo?

"Wa ke da ƙwallo? Ka faɗa mana wa ke da ƙwallo, ɗan banza!"

Ihun tsohon direba ne ya keto bango, har maƙwabcinsa mai guga ya kusa ƙona rigar mutane. Tun da ciwon suga ya cinye idanun tsohon, da kunne yake kallon wasa. Mai sharhin talabijin kuwa ba shi da aiki sai labarin askin ɗan wasa da motar da ya saya.

Mai guga ya ja tsaki. Ba sa ga maciji da juna tun rigimar ruwan wanki da ke bi ta ƙofar tsohon.

Sai ga 'yar tsohon a bakin shago, idonta ja.

"Kawu, don Allah zo ka riƙa gaya wa Baba abin da ake yi. Ni ban san 'yan wasan ba, kuma likita ya ce kada ransa ya ɓaci."

"Ubanki ai da ɓacin rai aka haife shi," in ji mai guga. Amma ya kashe dutsen guga ya bi ta.

Ɗakin sai warin magani. Tsohon na kishingiɗe, an ɗora kumburarrun ƙafafunsa a kan matashi. Ya rame, kamar ba shi ne mai muryar nan ba.

"Wa ya shigo? Na ji ƙanshin sitati. Mai ɓata mini ƙofa ne?"

"Shi ne. Ba don kai na zo ba, kunnena nake ceto."

A talabijin mai sharhi ya tuntsire da dariya shi da abokinsa, filin kuma ya ɗauki ihu.

"Ka ji ko? An yi wani abu, shi kuma yana washe baki! Rage muryar jakin nan, ka yi magana."

Mai guga ya rage, ya fara: "Ga shi ya ba wancan, wancan ya ba wannan..."

"Wane wancan? Ba su da suna? Ashe akwai wanda ya fi na talabijin daƙiƙanci!"

Mai guga ya miƙe zai fita. Hannun tsohon ya lalubo gefen rigarsa ya riƙe, riƙon da ko ƙarfi babu.

"Zauna. Faɗi lambar kawai, ni na san su."

Haka suka yi. Yana kiran lamba, tsohon na kiran suna yana haɗawa da zagi. Dab da tashi aka ci ƙungiyar tsohon. 'Yar ta yi wa mai guga alama da hannu ya yi shiru.

"An ci ku," in ji mai guga.

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajensa. "Kai dai ba ka iya ba," ya ce a hankali, "amma ba ka ɓoye wa makaho komai. Ka dawo mako mai zuwa."

"In na ga dama."

Makon bai zagayo da tsohon ba. Da hantsi mai guga ya ji kukan 'yar ta bango, ya fito da kumfa a hannunsa.

Bayan kwanaki ta kawo masa kayan mahaifinta a wanke, za a bayar. Yana laluba aljihu kamar yadda ya saba, sai ya zaro tsohon tabarau mai ƙafa ɗaya, an ɗaure ɗaya gefen da zare. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya ajiye shi a kan taga.