Da Yatsun da Suka Rage

Sirajuddeen Lawal yana da injin niƙa a bakin kasuwar Gwandu, kowa kuma Siraju yake ce masa. Kafin ya zama mai inji ya yi sakandaren kwana a Zuru, a can wani abokinsa mai suna Albarka ya koya masa kaɗa jita, irin ta katako mai tsirkiya shida wadda ba ta bukatar lantarki. Da za su rabu Albarka ya bar masa ita. Shekara da shekaru yana kaɗa ta a bayan gida in an yi la'asar, ba don kowa ba sai don kansa.

Sai ranar da bel ɗin inji ya kama hannun rigarsa. Kafin a kashe injin ya tafi da ƙaramin yatsansa na hagu da na kusa da shi. Hannun hagu kuwa shi ne mai danne tsirkiya. Da ya warke ya ɗauko jitar sau ɗaya, ya gwada riƙon tsirkiyoyin da ya saba, sauti ya fito a karkace. Ya cusa ta cikin buhu ya ɗora a kan sif, bai ƙara waiwayarta ba.

Wata Asabar cikin kaka ƙanwarsa Mufida ta zo daga Kalgo, inda take shekarar ƙarshe a jami'a. Ta same shi yana cin tuwo a tsakar gida, matarsa Rahama tana tankaɗe a gefe. Bayan gaisuwa ta ciro wayarta.

"Yaya, taimako nika so," in ji ta. "'Yan ajinmu munka shirya taron bankwana, kuma akwai waƙad da muka son rerawa tare. Ta wasu samari ce na ƙasar waje, ba sanannu ba. Anas, ɗan ajinmu, shi ka kaɗa muna jita, amma shi da abin da anka rubuta a intanet ya saba koyo, wagga kuwa ba wanda ya rubuta ta. Ya yi ta fama, ta ƙi."

"To ni mi zan yi?"

"Ka saurara ka hiddo muna yadda aka kaɗa ta. Kunnenka ai bai tahi ko'ina ba."

Siraju ya ɗaga hannun hagu ya nuna mata, ya ci gaba da cin tuwonsa. Amma kafin Mufida ta koma washegari ta tura waƙar cikin wayar Rahama.

Rahama ba ta yi masa maganar ba ko sau ɗaya. Ta dai riƙa kunna waƙar in tana wanke-wanke, in tana shara, in tana yi wa 'yarsu Maimuna kitso. Waƙar tana farawa da jita kaɗai, a hankali, sannan muryar wani saurayi ta shigo, sai ganguna su biyo baya da ƙarfi. Siraju bai kama rabin Turancin ba, ya dai fahimci ana maganar barin wani wuri da mutanen da aka saba da su. Bai so ya saurara ba. Amma ran nan yana zuba gero a bakin inji sai ya ji kansa yana gunjin sautin ƙasa na waƙar, wanda ke tafiya a ƙarƙashin murya, yana sauka yana hawa yana dawowa inda ya fara.

Da ya dawo gida ya tsaya a gaban sif.

"In sauko maka da ita?" Rahama ta tambaya daga ƙofa.

"Dubawa kawai zan yi, ko gara ta ci ta."

Gara ba ta ci ba, amma tsirkiyoyin sun yi tsatsa, ɗaya ma ta tsinke yana taɓa ta. Ya ba wani direba saƙo ya sayo masa sababbi a Birnin Kebbi. Da suka zo ya zauna a gindin darbejiyar bayan gida, ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, yana murɗa kunnuwan jitar har kowace ta zauna inda ya kamata.

Bai fara da riƙo ba. Albarka ya taɓa gaya masa cewa kowace waƙa tana da sautin da take komawa ta huta, in ka same shi ka sami ƙofar. Ya kunna waƙar, ya yi gunjin wannan sautin, ya tsayar da ita, ya riƙa bin tsirkiya mai kauri gida-gida, wato tsakanin ƙarafan da ke wuyan jitar, har sautin jitar ya haɗu da na maƙogwaronsa suka zama ɗaya. Haka ya bi ya samo na biyu, da na uku, da na huɗu. Waƙar a kan waɗannan huɗun take ta kewayawa.

Daga nan sai sanin halin kowanne. Wani riƙon in an kaɗa shi yana fitowa da fara'a, wani kuma da sanyin jiki, bambancin kuwa yatsa ɗaya ne. Ya riƙa kaɗa biyun yana gwadawa da waƙar. Na farko mai sanyin jiki ne, sauran ukun masu fara'a. Kafin magariba ya san waƙar a kansa tsaf.

Hannu ne ya ƙi. A inda sautukan suka faɗa, dole sai an shimfiɗa yatsa ɗaya a kan tsirkiyoyin duka, sauran uku su yi aiki. Shi kuwa manuni da na tsakiya kaɗai gare shi. Ya gwada, ya sake gwadawa, har dungun yatsun da suka yanke ya fara zugi. Ya jingine jitar da bango ya tashi.

"Na gano ta," ya ce da Rahama. "Amma ba ni iya kaɗa ta. Sai dai in gaya ma yaron can da baki."

"To ka gaya mishi," ta ce.

Bai kira kowa ba. Washegari ya sake sauraron farkon waƙar, inda jita ke tafiya ita kaɗai, ya kara wayar a kunne. A nan ya lura da abin da ya wuce shi jiya. Akwai tsirkiyoyi biyu sirara da ke ta ringi ba sa canzawa, riƙo ya sauya ko bai sauya ba. Wanda ya shimfiɗa yatsa ba zai iya barin su haka ba. Ashe mai kaɗawar maƙala ya sa a wuyan jitarsa, wani ɗan ƙarfe da ke danne tsirkiyoyin duka a gida ɗaya, sai yatsu su sami sauƙi.

Siraju ba shi da maƙala, amma mai inji ba ya rasa tarkace. Ya samo gutsuren bututun ƙarfe mai kaurin yatsa, ya naɗe shi da robar tsohon tub na babur, ya ɗaure a gida na huɗu da wata robar. Ya kaɗa. Ya matsar zuwa na uku, bai yi ba, ya mayar na huɗu. Ya ɗora yatsunsa biyu, ya bar sauran tsirkiyoyin a sake, ya sauke hannun dama.

Sautin da ya fito shi ne na cikin wayar.

Rahama ta leƙo da ludayi a hannu. "Wayar ce ko kai ne?"

"Ni ne," ya ce, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Riƙo huɗun duka suka samu da yatsu biyu, ko da yake ba yadda Albarka ya koya masa ba. Wasu ya rage musu sauti ɗaya, wasu ya bar tsirkiya a sake ta cike gurbin. Saura wuri ɗaya, can kusa da ƙarshe, inda ganguna ke yin shiru mawaƙin ya ja murya. Akwai wani riƙo a nan da bai cikin huɗun. Duk abin da ya gwada sai ya ji ya yi kusa amma bai kai ba. Ya kwana biyu a kansa, har Maimuna ta haddace wurin tana rerawa da Turancin da ta ƙirƙira.

Rahama ce ta ce masa wata rana tana ninke kaya, "Ni dai a wurin ga ji nika kamar ba a canza komi ba. Kamar mutum ya ɗan zame ne ya tsaya."

Ya dube ta. Ya mayar da wurin baya ya saurara, wannan karon bai bi murya ba, ƙasa kawai ya bi. Gaskiya ta faɗa. Saman riƙon yana nan yadda yake, sautin ƙasa ne kaɗai ya sauko taki ɗaya. Amma yatsunsa biyu duk suna kan aiki, ba na ukun da zai kai can. Ya zauna yana kallon hannunsa. Sai ya zagayo da babban yatsa ta bayan wuyan jitar, ya lanƙwaso shi ya danne tsirkiya mai kauri. Karon farko ta yi gurnani. Ya gyara, ya ƙara ƙarfi, ta fito tas.

Ya kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe tare da wayar, bai tsaya ba. Sannan ya kashe wayar ya sake kaɗawa shi kaɗai. Da ya gama ya kira Mufida.

"Ki gaya ma Anas ina nan tahe ran Laraba."

"Yaya, ka samo ta?"

"Har da wurin da ya hana shi barci."

Ranar Laraba ya bar injin a rufe, ya shiga mota zuwa Birnin Kebbi, daga can ya hau wata zuwa Kalgo. Mufida ta tarbe shi a bakin titi, ta kai shi inuwar wani ɗakin karatu inda Anas ke jira da tasa jitar. Dogon saurayi ne mai tabarau, ya rusuna ya gaishe shi. Idonsa ya sauka a kan bututun da aka naɗe da roba, ya kuma sauka a kan hannun, ya yi sauri ya kawar.

"Ka duba da kyau," in ji Siraju. "Ai don ka gani na zo."

Ya kaɗa masa a hankali. Anas ya matso yana kallon yatsun, yana kiran sunan kowane riƙo da haruffan Turanci. Da aka zo riƙo na biyar ya dafe kai.

"Wallahi nan ne! Na yi ta neman sabon riƙo, ashe ƙasa kawai ta sauka." Ya ciro maƙalarsa ta kanti ya sa a gida na huɗu, ya bi shi. Can ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, a amshi kamar hannun damansu yana tsallake bugu ɗaya. Saurara."

Siraju ya saurara. Haka ne, shi yana bugawa a jere, su kuwa suna ɗan ɗauke hannu kafin su faɗa. Ya gwada yadda Anas ya nuna, waƙar ta ƙara tashi.

"Ka ji shi daidai," ya ce. "Wanga ya wuce ni."

Suka kaɗa tare, Mufida da ƙawayenta biyu suna rerawa. Wasu ɗalibai da ke wucewa suka tsaya. Da suka kai ƙarshe Siraju ya fara kwance robarsa, ya ce aikinsa ya ƙare. Anas ya riƙe masa hannu.

"A'a, Yaya. Farkon waƙar nan in na kaɗa da cikakken riƙo nauyi take yi. Naka ne yake ringi irin nasu. Kai za ka buɗe, ni in shigo a amshi."

"Ni ban taɓa kaɗawa gaban jama'a ba."

"Yanzu ka yi," in ji Mufida, tana nuna waɗanda suka taru.

Taron ya kama ranar Asabar da yamma, a wani fili da aka kafa rumfuna. Siraju ya zo da farar shadda da hula, ya zauna a kan kujerar roba a gaban ɗalibai fiye da yadda ya zata. Aka saita masa makirfo a bakin jitar. Ya lura wasu na gaba suna kallon hannun hagunsa suna raɗa. Da can da ya ja hannun riga ya rufe. Yau sai ya naɗe hannun rigar zuwa gwiwar hannu, ya ɗora yatsunsa biyu, ya fara.

Surutu ya lafa. Ya zagaya riƙo huɗun shi kaɗai, sannan muryoyi suka shigo, Anas ya faɗo a amshi, wani yana buga kwali a madadin ganga. Da aka zo inda komai ke yin shiru, Anas ya ɗauke hannu ya bar shi. Siraju ya lanƙwaso babban yatsa, sautin ya sauko, ya tsaya a iska. Wata yarinya a layin gaba ta rufe fuska da mayafi. Sai ajin duka suka ɗauki amshin ƙarshe.

Da aka gama tafi bai tsaya da wuri ba. Mufida ta karɓi makirfo, ita da ba ta saba magana a taro ba.

"Wanga yayana ne, Sirajuddeen, daga Gwandu," ta ce. "Ba a rubuce ya samo wagga waƙa ba. Da kunnensa ya hiddo ta."

Siraju ya miƙe tsaye. Bai san abin da ake yi a irin wannan wuri ba, sai ya ɗaga jitar sama kaɗan, ya ɗaga hannun hagu ya gaishe su.

A Kalgo ya kwana wajen wani abokinsa, ya kama hanya da safe. Yana shiga gida ya tarar da maƙwabta mata uku a kan tabarma sun kewaye wayar Rahama, Maimuna tana tsakiya. Mufida ta riga ta turo bidiyon. Suka ɗago suka dube shi, ɗaya ta ce, "Ashe haka kake, Malam Siraju?"

"Haka yake," in ji Rahama, ta tashi ta karɓi jitar daga hannunsa. "Ku matsa mishi ya zauna, bai ga kanshi ba tukuna."

Ya zauna a bakin tabarma, ta mayar da bidiyon farko.