Muryar Bayan Labule

Selvaraj na fama da maɓallin kwat ɗin da ya yi haya sa'ad da Bhalla, mai shirya bikin, ya shigo da wani saurayi fari sol.

"Kawu, ga Rohan. Shi zai hau dandamali yana motsa baki, kai kuma ka yi maganar daga bayan labule."

Selvaraj ya saki maɓallin. Tun yana matashi shi ke sa wa shahararren ɗan leƙen asirin nan na finafinan Turawa murya da Hindi. Duk Mumbai an san muryar, ba a san mai ita ba. Yau, wurin buɗe sabon gidan sinima, aka ce za a nuna shi. Matarsa har ta kwaso maƙwabta a jirgin ƙasa.

"Ai ni aka gayyata, yallaɓai."

"Haba Kawu! Ɗan leƙen asirin nan fari ne, kowa ya sani. Ka fito da baƙinka da tumbinka, ai sai mutane su ce direbansa ne."

"Baturen ko ruwa bai iya roƙa da Hindi ba. Abin da suka haddace daga bakina ya fito."

"To rantse," in ji Bhalla yana dariya. "In ka rufe ido kana maganar, fuskar wa kake gani?"



Aka ajiye shi kan kujerar roba tsakanin wayoyin lantarki. Kiɗa ya tashi, Rohan ya fita, wuri ya kaure da tafi. Selvaraj ya rufe ido kamar kullum. Nan take fuskar ta zo: fara, mai shuɗin ido. Ya kore ta, ya nemi tasa, ta ƙi zama.

Shiru ya yi yawa. Rohan na can baki buɗe, ba abin da ke fita. Aka fara 'yan dariya.

"Kawu!" Bhalla ya raɗa masa. "Don Allah!"

Selvaraj ya miƙe da makirufo a hannu. Bai fita ba. Labulen kawai ya ɗage kaɗan, daidai yadda fitila za ta faɗo masa a fuska, sannan ya fara magana, idonsa a buɗe.