Sunan Baba a Shafin Farko

Su huɗu ne a gidan. Akwai Baba, direba ne, abokan aikinsa suna ce masa Sannu-Sannu saboda bai taɓa yarda ya yi tsere da kowa a hanya ba. Akwai Mama, wadda keken ɗinkinta ke jikin tagar falo. Sai 'yarsu ta fari, mai shekara goma sha uku, da kowa ke kira 'Yar Baba, sai ƙaninta Auta. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa lafiya ba. Abin da suka rasa shi ne suna mai tsabta a cikin waya, kuma rashinsa ne ya hana Baba aikin da yake so.

Shekarun baya Baba yana tuƙa motar ɗaukar yara ta wata makaranta. Wata safiya birki ya tsinke masa a gangara, ya karkatar da sitiyari ya gogi katangar wani shago don kada ya faɗa mahaɗar titi. Babu yaron da ya ji ciwo. Bincike ya nuna laifin garejin da ya gyara motar ne, aka ba shi takardar wankewa. Amma kafin takardar ta fito, wani ƙaramin shafin labarai ya riga ya saka hotonsa tsaye a gaban motar, da sunansa cikakke, da babban kanu cewa direba ya yi barci da yara a mota. Makarantar ta sallame shi. Tun daga lokacin yake rarraba kaya shago-shago a wata tsohuwar mota, yana dawowa da ciwon baya.

Sai ga wata makaranta tana neman direba. Shugabar ta ga takardar wankewar, ta gwada tuƙinsa, ta gamsu.

"Ni na yarda da kai," ta ce masa. "Amma kwamitin iyaye ne zai yanke, ƙarshen wata. Iyayen yanzu kuwa, kafin su amsa gaisuwarka sun buga sunanka a waya."

Da ya faɗa a gida, 'Yar Baba ta ɗauki wayar Mama ta buga sunan. Shafin farko na sakamakon binciken babu komai sai wasu masu suna irin nasa: wani likita, wani mai sayar da taya. Sai da ta gangara can shafi na uku ta ga labarin, ya tsufa, babu wanda ya ce uffan a ƙasansa.

"Yana nan, Baba. Amma zan sa a cire shi."

"Ana cirewa?"

"Ana cirewa mana. Bari dai in tambayi Yaya."

Yaya ɗan Gwaggo ne, yayar Baba, yana gyaran waya a bakin kasuwa. Ta tura masa shafin, ta rubuta masa cewa ya taimaka a goge. Yaya yana cin abinci a falon uwarsa lokacin da saƙon ya shigo, Gwaggo kuwa idonta ba ya wuce allon wayar kowa.

Washegari 'Yar Baba ta dawo daga makaranta ta tarar da Gwaggo zaune a kan kujerar Baba, tana fifita da wani ƙyallen Mama, fuskarta cike da jin daɗi.

"Zo nan, 'yar albarka. Da ba ki tono mana wannan ƙaryar ba, ai da muna nan muna barci. Na saka labarin a guruf ɗin dangi. Na ce duk wanda ya sha nono ɗaya da ubanki, ko ya auri wanda ya sha, ya je ya wanke shi."

"Ya je ina, Gwaggo?"

"Ƙasan labarin mana! Ai akwai wurin rubutu. Je ki gani, mun cika musu shi taf."

Sun cika shi kuwa. Kawu ya rubuta cewa ya san Baba tun yana rarrafe. Wata inna ta tsine wa mai shafin har jikokinsa. Kowa ya fara da sunan Baba cikakke, har da na kaka, don a san wanda ake karewa. Gwaggo ita ta fi kowa: ta ce duk mai shakka ya kira ƙaninta ya ji daga bakinsa, ta rubuta lambar wayarsa, ta ƙara da kwatancen gidan, bene na biyu, ƙofa mai launin shuɗi, kusa da shagon magani.

"Gwaggo, kin sa lambarsa."

"To mai gaskiya yana ɓuya ne?"

Mai shafin ya ga tsohon labarinsa ya farfaɗo, sai ya sake ɗora shi a gaba kamar sabo. Baƙi suka shigo suna amsa wa dangi, dangi suna ramawa. Kafin mako ya zagayo, da 'Yar Baba ta buga sunan, babu likita, babu mai taya. Hoton Baba ne a sama, shi kaɗai.

Wayarsa ta fara ƙara. Wani ya kira ya tambaye shi ko ya tashi daga barcin. Wata ta kira ta ce 'yarta na hawa motar makaranta, Allah ya isa. Baba yakan saurara har su gama, ya ce, "Ba haka aka yi ba," amma yawanci sun riga sun kashe. Mama takan daina taka keke idan wayar ta yi ƙara. Auta kuwa ya koyi cewa "ba haka aka yi ba", yana faɗa wa kowa, har da mai kawo ruwa.

'Yar Baba ta tsaya bayan darasi ta gaya wa malamar kwamfuta komai. Malamar ta ja kujera kusa da ita ta duba.

"Kin ga, abin binciken nan ba ya gane wa ke yabo wa ke zagi. Abin da ake yawan buɗewa ana magana a kai, shi yake turowa gaba. Abu uku za ki yi. Ki roƙi dangi kowa ya goge abin da ya rubuta, su kuma daina buɗe shafin. Ki rubuta wa mai shafin cikin ladabi, ki haɗa da hoton takardar wankewar. Lambar waya da kwatancen gida kuma, za mu cike buƙata ga masu abin binciken su ɓoye. Amma kada in ruɗe ki, ba abin kwana biyu ba ne."

"Malama, ƙarshen wata ne zaman kwamitin."

"Na ji. Mu fara dai."

Na farkon ne ya fi wuya. Ta fara da Gwaggo, ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi bayani a hankali.

"In goge? Ni in kare ɗan'uwana, ke ki zo ki ce in goge? Wato ƙaryar ta zauna, gaskiyar ta tashi?"

"Ba haka ba ne, Gwaggo. Rubutun ne yake ɗago labarin sama."

"To ya hau mana, kowa ya karanta amsata. Kin ga yadda na yi wa wancan mai hoton kyanwar da ke zagi a ƙasan labarin? Ko tari bai sake yi ba."

"Shi ne ya kira Baba jiya."

Gwaggo ta gyara zama. "Lambar kaɗai zan cire," ta ce. Amma ba a iya cire lambar kaɗai, sai dai rubutun duka, shi kuma ta ce sai ta yi tunani.

Kawu ya yarda nan take, sai dai ya manta lambar sirrinsa. Ya gwada ranar haihuwarsa, ya gwada lambar babur ɗinsa, har aka kulle shi. Innar da ta yi tsinuwa ta goge nata, sannan ta sake rubuta wani tana sanar da jama'a cewa ta goge ne don darajar yarinya, ba don tsoro ba. Wani ɗan ƙanin Mama kullum sai ya buɗe shafin safe da yamma, ya turo wa guruf: "Har yanzu yana nan fa." 'Yar Baba ta roƙe shi ya daina dubawa. Ya ce to ta yaya zai san ya tafi?

Mai shafin bai amsa saƙon farko ba, bai amsa na biyu ba. A na uku ya rubuto cewa ba sa goge labari, amma za su duba.

Ranar zaman kwamiti Baba ya sa rigar da Mama ta goge masa, ya tafi da takardarsa. 'Yar Baba ta kasa cin abincin rana. Da ya dawo ya rataye rigar a bayan ƙofa, ya zauna ya cire takalmi a nutse.

"Sun ɗauki wani," ya ce. "Sun karanta takardar, wasu ma sun yarda. Amma wata uwa ta ɗaga wayarta ta ce ita ba ta san wa ke da gaskiya ba, ta dai ga mutumin da ake ta rigima a kansa, kuma ba ta son rigima kusa da ɗanta. Ban ga laifinta ba."

"Ni na jawo, Baba. A shafi na uku yake. Ba wanda zai kai can."

"Wataƙila su kai, wataƙila ba za su kai ba. Ke taimako kika nema, gwaggonki ma taimako ta yi, irin nata." Ya miƙa mata wayarsa. "Shugabar ta ce zangon gaba za su ƙara mota ɗaya. Ki ci gaba da abin da malamarku ta ce. Amma ke kaɗai, kin ji? Kada ki gayyato mana runduna."

Ta ci gaba. Gwaggo ta goge nata da kanta, ba ta gaya wa kowa ba, ta dai aiko Yaya da sabon layin waya ya ba Baba. Yaya ya buɗe wa Kawu asusunsa. Bayan makonni masu abin binciken suka amsa cewa sun ɓoye abin da ya shafi lambar da kwatancen gidan, labarin kansa kuwa ba huruminsu ba ne. Daga baya mai shafin ya ƙara layi ɗaya a can ƙasa, da ƙananan haruffa, cewa bincike ya wanke direban. Kanun bai taɓa ba, hoton ma yana nan.

'Yar Baba ta daina buga sunan kullum. Sau ɗaya take dubawa a mako, a kwamfutar makaranta, malamar na gefenta, kuma ba ta buɗe shafin. Likitan ya dawo sama. Mai tayar ma ya dawo. Baba yana ƙarƙashinsu, har yanzu a shafin farko, yana sauka a hankali, zangon gaba kuma yana matsowa.

Abin da yarinyar ta gane shi ne, a cikin waya duk wanda ya taɓa labari ƙara masa ƙarfi yake yi, ko da ya zo ne don ya kare ka, kuma saukar da shi aikin mutum ɗaya ne mai haƙuri.