Wanda Yaya Yake Kira

Tun da aka kwantar da Yaya bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita, sai kalma ɗaya: "Zolimu." Ƙarfe goma za a shiga da shi tiyata, likita kuma ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa aikin ba shi da tabbas.

Matarsa ta ja ni gefe. "Don Allah waye Zolimu? Tun safe shi yake nema."

Nan take na gane yaren. Mu muka ƙirƙire shi muna yara, ni da Yaya da Auta. Muna da ƙa'idar juya sunan mutum: a yanke nan, a ƙara can, har mai sunan ya kasa gane kayansa. Amfaninsa ɗaya, mu yi gulmarka kana zaune kana yi mana murmushi. Shi ya sa ba a taɓa gaya wa mutum nasa.

"Ba ni minti goma," na ce mata.

Wajen ƙarfe tara na fita baranda, na zauna kan benci, na juya takardar magani na hau rubutu. Na juya sunan Mama, bai fito ba. Na Baba, haka. Na matarsa, na 'ya'yansa uku, na abokansa, har na malamin lissafin da ya tsana. Biron ma ya zaɓi ranar ya riƙa ɗaukewa. Haushi ya kama ni. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ya rasa abin da zai tuna sai shirmen yarinta!

Goma saura kwata. Matarsa ta leƙo. "Ki shigo mana, sai ƙara kira yake."

"Ina zuwa, saura kaɗan."

Tsoro nake ya tafi bai ga mutumin nan ba, alhali ni kaɗai a asibitin zan iya gano shi. Na kira Auta sau huɗu kafin ta ɗauka, ƙarar kekunan ɗinki na tashi a bayanta.

"Auta, waye Zolimu?"

Ta kwashe da dariya. "Kai! Ina kika tono wannan?"

"Yaya ke kiransa. Yi sauri!"

Dariyar ta tsaya cak.

"Anti, ke ce. Da shi muke cin namanki in kin kai ƙararmu wajen Mama. Ba ki gwada naki ba?"

Ban gwada ba. Ni da nake cikin masu yankan suna, ban taɓa kawowa a raina an yanka mini ba.

Na kwasa da gudu, takalmi ɗaya ya fita ban waiwaya ba. Na tarar da gadon wayam, ma'aikaciya tana cire zanin. Matarsa na tsaye a bakin ƙofar tiyata, an riga an rufe.

"Kin samo shi?" ta ce.

"Na samo."

"To yana ina?"

Na zauna a ƙasa na jingina da bango, na ce mata awa guda ya yi a baranda.