Ranar da Adda Delu Ta Ajiye Kunya

Ni Hajara bakina ba ya da linzami, shi ya sa aka ce in raka yayata Adda Delu zuwa asibitin Kalgo. Maganar ɗanta ce, Abdulbaƙi, mai shekara ashirin. Ba ya kallon idon mutum, hayaniyar kasuwar Gwandu kuwa toshe kunne take sa shi yi. Baffansa Jibrin ya rantse sai an raba shi da kiwo an zaunar da shi gida, wai wata rana zai ɓatar da shanu. Da ƙyar ya yarda a bi abin da likita za ta rubuta.

Likitar, Malama Halimatusa'adiya, masaniyar halayyar ɗan'adam ce. Ta daɗe tana gwada shi da hotuna da tambayoyi, ta ce yanayinsa sunansa otizim. Sai ta juyo wajen Adda.

"Inna, na ji abin da ke ba shi wuya. Amma ba na rufe takarda sai na rubuta abin da ya iya. Me ya fi kowa a kai?"

Tab! Ɗan fari ne fa. A rugarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta yabe shi gaban mutane. Adda ta ja mayafi ta ce, "Wancan? Oho."

Na buɗe baki, likita ta ɗaga hannu. "Ke kina cikin gari. Wadda ke ganinsa kullum nake so."

Haushi ya kama ni. Na zunguri Adda. "Adda, kunya za ki zaɓa ko ɗanki? Farar takarda za mu kai wa Jibrin?"

Ta dubi yaron, yana ta murza bakin rigarsa. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Yana gane saniyar da za ta kwanta ciwo kwana biyu kafin ta kwanta."

"Sai me?"

"Daga tafiyarta yake ganewa. Bijimin da ke korar Jibrin har kan bishiya, shi yaron nan kunnensa yake kamawa!"

Shi ke nan, bakin Adda ya ɓalle. Ta miƙe tsaye, mayafi ya zame, tana lissafi da yatsu tana dariya. Maraƙin da ya ciro daga laka a Kambaza! Karsanar da ya gano a garken wasu bayan wata huɗu! Likita na rubutu har biro ya ƙare ta ari wani. Ni kuwa na rangaɗa guɗa a ofishin mutane, daɗi ya kusa kashe ni.

"Ki rubuta," in ji Adda, tana buga tebur, "duk Gwandu babu makiyayi kamar Abdulbaƙi!"

Sai ta kama bakinta. Sunan ya riga ya fita.

Likita ta rubuta a bar shi da shanunsa, a dai riƙa raka shi ranar kasuwa. Muna jiran mota a bakin titi, Abdulbaƙi ya matso, idonsa na kan takalmin uwarsa.

"Inna," ya ce, "sake faɗin sunan."