Ɗamarar Sati Uku

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe, gilashin tagar asibiti ya yi gumi. Shekara shida ke nan bayana yana ciwo, tun da na fara durƙuson shimfiɗa tayil. Likita ta ɗaga hoton ƙashin bayana a hasken fitila. Sai na ga kamar tsani ne a cikin gajimare, matakai biyu na ƙasa sun cinye.

"Waɗannan biyun za mu iya haɗe su da ƙarfe," in ji ta. "Amma ba kowa aikin ke yi wa amfani ba. Ga ɗamara, sati uku, kada ka cire sai wanka. In ciwon ya lafa don bayan ya daina motsi, zan sa sunanka cikin waɗanda za a yi wa aikin. Gurbi ɗaya ya rage bana."

Ɗamarar farar roba ce mai tauri, daga ƙirji zuwa ƙugu. Kwana na uku na farka ban ji komai ba. Na bi titi kamar ruwa ke ɗauke da ni, ina kallon saman benayen da na manta suna da sama. Matata ta ce, "Ashe dogo na aura."

Kwana na biyar Kawu, yayan mahaifiyata, ya shigo a sunkuye, hannu a ƙugu. Ya ƙwanƙwasa robar da yatsa.

"Ɗan nan, kai da ƙuruciyarka ka samu bango, ni tsoho ina jingina da iska? Ara mini kwana biyu."

"Kawu, likita ta ce kada in cire."

"Likitar ce ta raine ka?"

Na kwance masa. Kafin magariba ciwon ya dawo mazauninsa. Sau biyu na je karɓowa, sai in tarar da shi a miƙe yana ba shukokinsa ruwa, fuskarsa kamar ta mai mafarki. In gaishe shi, in juyo.

Da sati uku suka cika na faɗa wa likita gaskiya. Ta daɗe tana kallon tsanin nan.

"Kwana biyar ba su isa in tsaga bayan mutum ba," ta ce, ta jawo takardar wani majinyacin.

Na rasa gurbin bana, da kwana goma sha shida na gwaji, da ɗamara ɗaya, da tsawon nan da matata ta gani.