Juyi Uku na Noti

…kuma ba shi da nauyi, Yaya, abin da ke cina ke nan. Akwatin farin katako rataye a wuyana da farin ƙyalle, ina hawa tudun ƙauyenmu da shi, ko wuyan bai gaji ba. Kai da kake cinye kwanon shinkafarka ka lashe nawa. Yanzu abin da ya rage naka a ciki farce goma ne, da ɗan gashin da ka aske ka bari a ambulan kafin ka tashi. Duk taku sai su ce ƙas… ƙas… kamar ɓera a rumbu.

Mutane na kaucewa gefen hanya suna rusunawa. Wa suke rusuna wa? Kai? Ko hannun nan da ke tallafe da kai?

Hannun makanike. Aji huɗu na tsaya, kai ka wuce, ka koyi taswira, sojan ruwa suka ba ka kujerar tsakiya a jirgin leƙen asiri, ni suka ba ni famfo. Jirgi mai tashi daga kan teku, ƙafafunsa kwale-kwale biyu na ƙarfe. Kullum da safe ina tsaye cikin teku har ƙugu ina zuƙe ruwan da ya tsiyaya cikinsu, don in ya taru jirgin ba ya ɗagawa. Kai kana bisa fiffike kana lilo da ƙafa.

"Tomekichi, ɗan kwaɗo, zuƙe da kyau, kar ka jiƙa min wando!"

"Sauko ka zuƙa da bakin naka, Yaya, ai ya fi famfon faɗi."

Har yanzu ina jin dariyar… a'a, farcen ne.

Juyi uku. Juyi uku kacal na yi wa notin murfin ƙafar hagu, na sassauta shi, ranar da aka ce ku leƙo jiragen Amurka a kudu. Jiragenmu biyar sun tafi can a watan, biyu suka dawo. Na ce a raina ruwa ya cika ƙafar, ku kasa tashi, ka kwana da ranka, shi ke nan. Haka kuwa aka yi. Jirgin ya yi ta gudu a kan ruwa yana karkacewa kamar gurguwar agwagwa, ya juyo gaɓa.

Ban sani ba ne? Na sani. Duk wanda ya sa kakin nan ya sani — mutuwa ba laifi ba ce, dawowa ce laifin.

Laftanar Kuroiwa ya jera mu a kan baƙin yashi, rana tsaka. "Wa ya duba murfin nan daga ƙarshe?" Bakina ya buɗe, naka ya riga shi. "Ni ne, yallaɓai." Ko kallona ba ka yi ba. Mari, wani marin, sai takalmi. "Sakuji, tsoro ka ji? Mu ɗinka maka rigar mata ka koma ka taya uwarka haƙar dankali?" Ni ina tsaye, sifanar na aljihuna, sanyinta na taɓa cinyata…

Jirgin da ya tafi a madadinku ya dawo kafin rana ta faɗi. Lafiya lau. Ba abin da suka gani sai gajimare. Gajimare, Yaya!

Ga gidan Gonbe maƙeri. Saura lanƙwasar hanya ɗaya, a ga gonarmu.

Kwana tara bayan marin nan aka zo neman masu tafiyar da ba a dawowa. A ɗaure bam a cikin jirgin leƙe — jirgin da gudunsa bai fi na saniya ba — a je a faɗa kan jirgin ruwan abokan gaba. Kai ka fara yin taku gaba, kumburin idonka ɗaya bai ko gama sacewa ba. Wanda aka kira matsoraci a gaban jama'a, ina ya ga ƙafar tsayawa baya?

Na cire ka daga tafiyar da ake dawowa, na sa ka a… na sa ka…

Ran da za ku tashi na zuƙe ƙafafun nan ƙaf, har da rigata na tsane su. Noti ɗai-ɗai na bi. Ka leƙo daga sama, farin ƙyalle ɗaure a goshinka.

"Ɗan kwaɗo, yau ka ɗaure da kyau?"

Yau. Kana murmushi ka ce yau.

"Inna ba ta buƙatar jin komai, ka ji ko?"

Bai taɓa tashi da kyau irin na ranar ba. Ya rabu da teku kamar ana zare zare daga alharini, ruwa na ɗiga daga ƙafafunsa yana walƙiya. Aikina ne. Har wani abu kamar alfahari ya taso min… wane irin mutum ne ni?

Ga Inna can a kunyar dankali. Ta miƙe. Tana goge hannu a wando, tana gyara ɗankwali, tana rusuna wa akwatin, ƙasa, ƙasa, fiye da yadda ta taɓa rusuna wa mai rai. Ba ta kuka, maƙwabta na kallo. Zan faɗa. Yanzu zan faɗa, Yaya, ka ce kar, amma ni zan kwana da shi, ba kai ba —

Ta kama hannuna, na daman, ta riƙe da nata biyu, ƙasar gona a tsakanin yatsunta.

"Auta, sannu. Tun da ya rubuto min cewa kai ke kula masa da jirgi, ban ƙara tsoro ba."

Tana shafa shi. Tana shafa shi, bakina a buɗe, akwatin ya yi shiru…